Darasi na Tara: Karanta Tsofaffin Takardun Gida Don Bin Salsalar Zuri'a a Birnin Zazzau

Duk wanda ya tashi neman asalin gidansu a cikin ganuwar Zazzau ba zai sami ofishi guda da aka tara sunayen waɗanda aka haifa a zamanin Sarki Kwasau ko Sarki Alu ɗan Sidi ba. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Nijeriya ta 1992 ce, jiya-jiya ke nan. Sai dai rashin ofishi bai hana rubutu ba. Zazzau garin malamai ne. A unguwanni irin su Kona da Juma da Kusfa da Albarkawa, da sauran gidajen da aka gaji karatu, malami kan ɗauki alƙalami ranar da aka yi masa haihuwa ya rubuta layi biyu ko uku a bayan wani littafinsa, ko a gefen shafi, ko a guntuwar takardar da zai cusa cikin gafaka. Haka yakan yi idan mahaifinsa ya rasu ko malaminsa. Waɗannan 'yan layukan su ne rajistarmu.

Masu bin asali a wasu ƙasashe ma da irin wannan wahalar suke fama. A Sikotilan, arewacin Birtaniya, gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa ba sai 1855. Kafin nan limaman coci da magatakardansu ne ke rubuta sunan jaririn da aka yi wa baftisma, da na ubansa, wani lokaci da na uwarsa da shaidu. Mafi tsufan littafin da ya rage nasu na 1553 ne, na wani ƙauye da ake kira Errol. Jikokinsu da ke Amurka da Kanada da Ostireliya sukan zauna su koyi tsohon salon rubutun hannu na wancan zamani kafin su iya fitar da suna ɗaya. Bambancinmu da su shi ne, nasu an tattara su wuri guda a birnin Edinbara, namu kuwa suna warwatse cikin adakoki da gafakoki, a hannun magada, gara na ci, damina na jiƙawa. Shi ya sa wannan darasi ya fi gaggawa a wajenmu.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga nan har ƙarshen darasin: ku karanta abin da ke kan takarda, ba abin da kuke fatan gani ba. Yawancin kurakuran masu neman asali ba daga wuyar rubutu suke tasowa ba. Mutum ne yake zuwa da amsarsa a zuci, sai idonsa ya ga ta a inda babu ita.

Kafin a fara karatu

Tsofaffin littattafanmu ba ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a jere tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a sa cikin gafaka. Idan kun buɗe, kada ku sauya jerin da kuka tarar, ko da kun ga kamar a hargitse yake. A ƙasan shafin baya na kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, kuma da ita ake mayar da littafi daidai, amma wannan aiki ne na daga baya. Da farko ku wanke hannu ku shanya, ku shimfiɗa ƙyalle mai tsabta kusa da taga, ku ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya da wayarku, ba tare da kunna fitilar wayar ba. Kada ku liƙe yagaggen wuri da gam ko salatif, kada kuma ku kai takardar shago a manne ta cikin leda da zafi. Wanda ya yi haka ya kashe ta da hannunsa, domin ba a iya raba ta da ledar kuma.

Sai ku ɗaga warƙar sama, haske ya ratsa ta. A jikin tsofaffin takardu da yawa za ku ga hoton jinjirin wata guda uku a jere, ɓoye cikin takardar kanta. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, fatake su kawo ta ta Misira da Tarabulus, su ƙetaro Sahara zuwa Kano da sauran birane. An yi amfani da ita a ƙarni na 19 har cikin na 20, saboda haka ba za ta ba ku shekara ba, zamani kawai take nunawa. Takarda mai layi-layi irin ta littafin makaranta ko ta ofis kuwa, bayan zuwan Turawa ce, kuma Turawa sun shigo Zariya a 1902. Rubutun biro kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan kun ga haihuwar da aka ce ta zamanin Sarki Abdulkarimu ce an rubuta ta da biro, to kwafe ce wani ya yi daga baya, ko kuma daga baki ya ji ya rubuta. Ba a yar da ita, amma ba a ba ta darajar ta asali.

Baƙaƙe da wasula

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya ci rabin hanya, domin rubutun da ya koya a babbaƙu da farfaru shi ne na waɗannan takardu. Wanda kuwa ya tashi da Alƙur'ani bugun Madina ko Misira, to sai ya sake saba idonsa. A rubutunmu na gargajiya, wanda ya samo asali daga Magrib, harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Gabas, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Ku duba abin da wannan zai haifar: sunan Ƙasimu sai a karanta shi Fasimu, a tsaya ana mamakin wane irin suna ne wannan. A ƙarshen kalma ma, marubuta sukan bar nun da fa da ƙaf babu ɗigo sam.

Tambaya ta biyu da za ku yi wa kowane layi ita ce: Larabci ne ko Hausa? Malami yakan fara da Larabci, ya zo kan laƙabi ko sunan unguwa ya juya Ajami ba tare da wata alama ba. Harafin ث a Larabci shi ne wanda muke furtawa "s" a sunan Usmanu da Salisu, amma a Ajami "c" ne, kamar a Ciroma. Harafin غ a Ajami "g" ne, kamar a Galadima da Garba. Ɗa mai hannu, wato ط, shi ke ɗaukar "ɗ" na ɗa da ɗiya, idan kuma aka ɗora masa ɗigo uku ya zama "ts". Ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi, wanda ba na harafin ba ne, wasalin "e" ne, irin wanda mai karatun Warshu ya sani. Rufu'a tana iya zama "u" tana iya zama "o". Marubuta da dama ba sa bambanta "b" da "ɓ". Akwai kuma lodi, ض, wanda bakinmu ya mayar "l". Shi ya sa wanda aka rubuta Ridwan a takarda, a gida Rilwanu ne. Murtada shi ne Murtala. Fadlu shi ne Falalu. Mai neman kakansa Halliru zai iya wuce shi sau uku a shafi bai gane ba, saboda Khidr aka rubuta.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ku koyi hannun marubucin daga wurin da kuka riga kuka san abin da ya rubuta. Kusan kowace takarda tana buɗewa da Bisimilla da salati ga Annabi. Ku duba yadda ya ja sin ɗinsa a nan, yadda ya naɗe mim, yadda yake raba dal da ra. Ku zana su a littafinku da fensir, harafi-harafi, yadda ya yi su a farko da tsakiya da ƙarshen kalma. Idan kun zo kan sunan da ya shige muku duhu, wannan jadawalin naku ne zai warware, ba zato ba.

Layi ɗaya a kusa

Ga irin layin da ake samu a bayan littafi. Na tsara shi ne don koyarwa, ba na wani gida ba ne:

"Wulida ibni Muhammadus Salisu lailatal Jumu'ati li ihda asharata khalat min Rajab, ama شسنو."

Wulida, an haifi namiji. Da mace ce, wulidat za a sa. Ibni, ɗana: marubucin ke nan uban yaron, don haka sai mu nemi sunansa, wanda sau da yawa yana ƙarshen littafin, inda mai kwafe yake cewa katabahu wane ɗan wane, ko inda mai littafin ya sa sahibuhu ko malikuhu. A kula, mai kwafe daban, mai littafi daban, kuma littafi yakan sauya hannu ta gado ko saye ko kyauta. Sai hannun da ya rubuta haihuwar ya yi daidai da hannun da ya rubuta sunan kafin ku haɗa su.

Muhammadu Salisu yana gaya muku cewa akwai Muhammadu biyu kafin shi a wajen uban nan, Lawal da Sani, ko suna raye ko sun rasu suna ƙanana. Sunan yaro ɗaya ya ba ku mutum uku.

Lailatal Jumu'ati, daren Juma'a. A lissafinmu dare ke gaban rana, saboda haka wannan daren shi ne wanda ya fara da magaribar Alhamis. Idan tsofaffin gidan suna kiran mutumin Ɗanjuma, to baki da takarda sun haɗu. Khalat na nufin kwanakin da suka shige daga watan, a nan goma sha ɗaya. Da baƙiyat aka rubuta, kwanakin da suka rage ake nufi, sai lissafi ya juya daga ƙarshen wata.

Saura shekara. Malamanmu sun fi son rubuta ta da ramzi, wato haruffa masu ɗauke da lamba, kuma lissafin Magrib suke bi, ba na Gabas ba. A nasu, ش dubu ne, ر ɗari biyu, س ɗari uku, ن hamsin, ل talatin, ك ashirin, و shida, ب biyu. To شسنو ya zama 1000 da 300 da 50 da 6, wato 1356. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet, inda ش yake 300, س kuma 60, zai fito da shekarar da ba ta da ma'ana. Sauƙin abin shi ne, duk ramzin da ya fara da شر na shekarun 1200 ne, wanda ya fara da شس na 1300 ne. Shekarar rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 1232, ita ce شرلب. Shekarar da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa, 1320, ita ce شسك.

Don mayar da Hijira zuwa Miladiyya, ku raba shekarar da 33, ku debe abin da ya fito daga cikinta, ku ƙara 622. A nan 1356 a raba da 33 ya ba da 41. A debe, saura 1315. A ƙara 622, ya zama 1937, farkon sarautar Sarki Ja'afaru ɗan Isiyaku. Wannan lissafi yana iya kaucewa da shekara ɗaya, tunda shekarar Hijira takan hau kan shekarun Miladiyya biyu. Jadawalin kwamfuta zai nuna muku 11 ga Rajab 1356 ta faɗo tsakiyar Satumba 1937. Idan ya saɓa wa takardarku da kwana ɗaya ko biyu, ku bi ranar mako da marubucin ya faɗa, domin shi da ganin wata ya yi aiki, kuma mutum bai cika mance ranar da aka yi masa haihuwa ba. Ku lura kuma ko haihuwa ya rubuta ko suna, tunda kwana bakwai ne tsakaninsu.

Wasu ba sa sa shekara ko kaɗan. Sai su ce watan Cika-ciki, ko Takutaha, ko Azumin Tsofaffi, wato Muharram da Rabi'ul Awwal da Rajab, su jingina da wani abu da ya faru: shekarar da aka naɗa Sarki wane, ko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Don haka ku haddace jerin sarakunan ƙarni na 20: Alu ɗan Sidi 1903 zuwa 1920, Dalhatu zuwa 1924, Ibrahim zuwa 1937, Ja'afaru zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975, Shehu Idris zuwa 2020.

Sunan yanka da sunan da aka sani

A nan ne aka fi ɓata. Takarda sunan yanka take riƙewa, gida kuwa laƙabi ya sani. Surukai da 'ya'ya ba sa kama sunan manya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai a kira shi Abba ko Baba har tsufansa. Bayan shekara sittin babu mai tuna sunan da liman ya raɗa. Wasu laƙuban suna da abokan tafiya da aka sani: Garba Abubakar ne, Shehu ko Mani Usmanu, Sanda Umaru, Maitama Yusufu, Indo A'ishatu, Binta Faɗimatu, Kulu Hauwa'u, Dije Hadizatu. Wasu kuma labarin haihuwar suke bayarwa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Idan takarda ta ce al-mulaƙƙabu bi ko al-ma'arufu bi, ku yi murna, domin marubucin ya haɗa muku sunayen biyu da kansa. Addu'ar da ke bin suna ma shaida ce: rahimahullahu na nuna mutumin ya riga ya rasu lokacin rubutun, addu'ar tsawon rai kuwa na mai rai ce.

Sarauta ita ma takan rufe suna. "Ɗan Madaki" ko "jikan Limamin Kona" bai isa hujja ba sai an san wane Madakin, wane limamin, domin a Zazzau sarautu sun yi ta sauya hannu duk lokacin da mulki ya tashi daga wani gida zuwa wani cikin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Na ga mutane da yawa da suka sami Abdullahi ko Abubakar a takardarsu, suka kuma sami mai irin sunan a jerin sarakuna ko manyan malamai, nan take suka ɗaura zuri'arsu a can. Suna ɗaya ba ya haɗa jini. Sai sunan uba ya dace, zamani ya dace, unguwa ta dace. Kakan da ya yi rini ko dukanci ko saƙa a birnin nan, kuma takarda ta tabbatar da shi, ya fi muku kakan aro komai girman rawaninsa.

Takardun alƙali da na Turawa

Takardar rabon gado ta fi kowace yawan sunaye, domin dole alƙali ya lissafa magada, kuma nan ne mata suke fitowa, su da bayan littafin malam ya cika tsallakewa. Kason da aka ba kowa yana magana ko da wani gefen takardar ya cinye. Idan matar mamaci ta sami tumuni, ya bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa. Idan rubu'i ta samu, bai bari ba. Idan mutum biyu 'yan uba ɗaya, ɗaya ya sami ninkin na ɗayan, namiji ne da mace.

A irin waɗannan takardu za ku iya cin karo da kalmomin bauta: mamluk, ko ummu walad, wato sa-ɗakar da ta haihu da ubangijinta, ko takardar fansa. Zazzau ta ƙarni na 19 ƙasar rinji ce, kuma dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan Maris na 1901 ne kawai, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Gidaje da yawa, har na sarauta, suna da irin wannan kaka. Kada ku goge ta daga jerinku, uwa ce kamar kowace uwa. Amma idan abin ya shafi gidan wasu, ba naku ba ne ku yaɗa. Ilimin asali don sada zumunci ake nemansa, ba don gori ba.

Takardun zamanin En'e da na Razdan suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Zariya suke. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci da Ajami, haka ma sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A takardun boko na farko babu ƙugiya a kan haruffa, sai cikin shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ. Bako zai iya zama Baƙo, kuma akawu ɗaya yakan rubuta sunan mutum ɗaya iri uku. Iyalan da asalinsu ya bi ta mishan ɗin Dokta Miller, wanda ya zauna cikin birni daga 1905 kafin a koma Wusasa wajen 1929, su nemi littattafan baftisma a coci, su kuma tuna cewa wanda aka yi wa baftisma yana babba, ranar da ke littafin ba ranar haihuwarsa ba ce.

Komai kyan takarda, sai an kai ta gaban tsofaffi, musamman mata. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yawan aure da haihuwa da dangantakar da mace ɗaya take riƙe da su a ka. Idan kun je wurin gwaggo ko kaka, kada ku karanta mata sunan ku ce "ko shi ne?", domin kara za ta sa ta amsa. Ku ce, "Iya, su wa da wa Malam ya haifa?", ku bar ta ta jero, sannan ku gwada da abin da ke hannunku.

Aikin gida

Kowa ya nemi izinin babban gidansu, ya ɗauko hoton takarda ɗaya tak, ko da layi biyu ne. Ku raba shafin littafinku gida uku. A na farko ku kwafe rubutun yadda yake, layi bisa layi, har da kuskuren marubucin. Inda gara ta ci ku bar fili, inda kuke shakka ku sa alamar tambaya, kada ku cike da ka. A na biyu ku rubuta fassararku da lissafin shekara. A na uku ku sa abin da kuka ji daga baki, da wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. A saman shafin ku rubuta littafin da takardar take ciki da wanda yake ajiye da shi. Wanda bai iya Larabci ba ya kai wa malamin zaurensu, amma ya roƙe shi ya karanta a hankali yana nuna kowace kalma da yatsa. Takardar asali ta zauna a gida. Hoto da kwafe kaɗai za ku kawo aji mako mai zuwa.